Azumin da Na Yi a Sardiniya

A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin ina aikin gyaran inji a wata masaƙa a Kakuri. A nan Allah Ya haɗa ni da wani mutum wanda in na ce fari sai ya ce baƙi, ba don komai ba sai don ya ga na kumbura. Mutumin kudancin jiha ne, daga cikin duwatsun wajen Kagoro, yana zaune a Narayi tun wurin bai wuce 'yan gidaje da gonakin dawa ba. Ya ba ni shekara goma sha wani abu. Dattijo ne a cocinsu, shi ya sa duk masaƙar ake ce masa Dattijo, har manaja. Ni kuwa Malam yake ce mini, ba don ilimi ba. Ya ce tunda bai taɓa ganina ba hula a ka ba buta a hannu ba, sunan ya zauna.

Ni a Makera nake. Kowace safiya zai biyo da babur ɗinsa, ya tsaya bakin layinmu yana danna hon kamar an biyo shi, in fito in hau baya, mu tafi muna musu har ƙofar masaƙa. Yawancin musun a kan abinci ne. Shi dai a faɗarsa babu abin da Allah Ya halitta wanda ba zai ci ba, mu kuwa yau tuwo da miyar kuka, gobe miyar kuka da tuwo. Ni kuma in ce masa in dai ba alade ba giya, to a kawo ko mene ne. Na faɗi wannan maganar ya fi sau ɗari, ban san ana ajiye mini ita ba.

Wata shekara kamfani ya sayi sababbin injinan saƙa daga Italiya, aka ce sai an tura mutum biyu kwas na wata uku. Aka liƙa sunaye a allo, sai ga ni ga Dattijo. Da ya gani ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ya Uba, me na yi maka?" Amma shi ne ya raka ni ɗaukar hoton fasfo, ya kuma tsaya bayan mai hoto yana mini gwalo har aka ɗauke ni baki a buɗe.

Muka je wani gari a arewacin ƙasar. Wanda ke koya mana aikin wani ɗan gajeren Bature ne mai furfura a gemu, muna ce masa Oga. Turancinsa a karye, namu na Kakuri, amma muna fahimtar juna sarai. Bai taɓa aure ba. Abin da yake ji da shi a duniya wata mota ce mai ɗaki a ciki, kullum in an tashi aiki yana gindinta da tsumma.

Da watan Agusta ya kama, sai muka ga abin mamaki. Aka rufe ma'aikatar ɗungum, mai kanti ya rufe, mai aski ya rufe, kowa ya ɗaura kaya a kan mota ya nufi bakin teku. Oga ya same mu zaune a masauki muna kallon bango, ya ce shi tsibirin Sardiniya zai tafi, can mahaifiyarsa take, zai zagaye tsibirin a mota kamar yadda ya saba kowace bazara, sannan ya ƙarasa ƙauyensu. In muna so mu biyo shi. Bai rufe baki ba Dattijo ya riga ya ɗauko jakarsa.

Motar nan kuwa gida ce sukutum. Akwai murhun gas mai kai biyu, da ɗan firiji, da tebur wanda in an kwantar da shi ya zama gado, da wani gadon a sama da kan direba wanda in ka tashi da gaggawa rufin mota zai gaishe ka. Akwai kuma ɗan ban ɗaki, wanda in ka shiga ba ka iya juyawa sai ka fito ka sake shiga. Muka tuƙa har tashar jirgin ruwa, aka shigar da motar cikin jirgin kamar an haɗiye ta. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Kaduna ba, sai ga Bahar Rum ba gaɓa ba tudu, shuɗi kamar an zuba shuni.

Tsibirin ya ba ni mamaki. Na ɗauka ƙasar Turawa duk sanyi ce da kore, sai na tarar da rana mai suya, ciyawa ta bushe ta yi ja, tumaki sun taru a inuwar zaitun suna haki. A daidai wannan lokacin a Kaduna marka ake yi, layinmu na Makera sai an naɗe wando. Dattijo ya leƙa ta taga ya ga duwatsu ya ce, "Wannan ai garinmu ne aka hana shi ruwa."

Tafiyarmu ba gaggawa. Da safe Oga ya dafa kofi mai ɗaci a wata 'yar buta, mu sha da burodi, mu kama hanya. Hanyoyin nan duk kwana ne, dutse a dama, rami a hagu, teku can ƙasa. In rana ta take sai mu nemi wuri kusa da ruwa, a buɗe rumfar da ke jikin motar, a fito da kujeru, a ɗora taliya. Ranar farko da muka sauka bakin teku na ga yadda mutane suka kwanta a yashi, maza da mata, kowa da ɗan abin da bai kai hankici ba, sai na juya kujerata na fuskanci tayar mota. Dattijo ya ce shi a matsayinsa na dattijon coci dole ya duba da kyau, don ya san abin da zai yi wa'azi a kai in ya koma. Amma in na tashi salla shi ne ke tsayawa gefe yana korar karnukan mutane kada su gifta mini, Oga kuma ya shimfiɗa taswira ya nuna mini gabas.

A kwana na uku muka sauka a wani babban fili da aka keɓe wa irin motocinmu. Oga ya ce yanzu sai a raba aiki: shi tuƙi da girki, saura wanke-wanke da kula da tanki. Ina can ina alwala aka yi maganar. Da na dawo Dattijo ya tare ni da fuskar mutumin kirki.

"Malam, Oga ya raba aiki. Akwai wankin kwano, akwai harkar ruwa. Na ce masa kai ne mai tsarki, kullum kana tare da ruwa, a ba ka ruwan. Ni tsoho in wanke kwano."

Har godiya na yi masa. Sai da Oga ya zagaya bayan mota ya buɗe wata 'yar ƙofa, ya zaro wani akwatin roba mai hannu ya miƙo mini, ya nuna wani gini can ƙarshen fili, sannan na gane wane ruwa ake nufi. Tankin ban ɗaki ne, na mutum uku, na kwana uku. Na ɗauka na ratsa filin nan kaf, abin yana kacau-kacau a hannuna, Turawa suna zaune suna cin kankana suna ɗaga mini hannu. Da na waiwaya, Dattijo ya harɗe a kujera yana goge cokali ɗaya, ɗaya tak, yana rera waƙar coci.

Na ƙulla abin a raina. Na ci gaba da ɗaukar tankina duk bayan kwana biyu, ina jira.

Damar ta zo ana gobe za mu isa ƙauyen su Oga. Mun bar bakin teku mun hau cikin duwatsu, Dattijo ya cika ciki ya miƙe a baya yana minshari, ni ina gaba. Oga yana ba ni labarin mahaifiyarsa, sai ya zo kan wani cuku da take yi na nonon tumaki. Ya ce ana barinsa ne har ƙuda ya yi ƙwai a ciki, tsutsa ta fito ta yi ta cinsa har ya yi laushi kamar man shanu, a haka ake ci, da tsutsar da ranta. Ya ce ba a ba baƙo, don baƙi gudu suke yi.

Na saurari minsharin Dattijo, na tabbata na gaske ne. Sannan na rage murya na ce, "Oga, ka san wani abu? Mutumin nan tun a gida ya ji labarin cukun nan. Ya ce mini babban burinsa ya ci shi kafin ya mutu. Kunya ce ta hana shi tambaya."

Oga ya kusa sakin sitiyari don murna. A garin da muka fara tararwa ya tsaya ya shiga wani shago ya buga wa gida waya, ina jiyo shi daga waje yana ihu.

Muka isa da hantsi. Ƙauye ne na gidajen dutse a gefen tsauni, layinsu ko motar ba ta shiga, sai a bakin gari muka ajiye ta kusa da gidan su Oga. Tsohuwar ta fito, 'yar ƙarama cikin baƙaƙen kaya, kai a ɗaure, kamar dai tsofaffinmu. Ta kama kunnen Oga ta ja, da furfurarsa da komai, tana faɗa. Ya ce mana tambaya take yi ina matar da ya ce zai kawo bana.

Da rana aka shimfiɗa dogon tebur a ƙarƙashin rumfar inabi, 'yan'uwa da maƙwabta suka cika. Aka kawo wani burodi siriri mai ƙaras-ƙaras. Sai ga tsohuwa ta fito da wata tukunya a rufe da tsumma, ta riƙo ta da hannu biyu, ta dire gaban Dattijo. Kowa ya zuba ido. Ta yaye tsumman.

Warin ne ya fara isowa. Sannan na ga saman cukun yana motsi. Tsutsotsi ne farare ƙanana, ba rarrafe kawai suke yi ba, tsalle suke yi, ɗaya ta faɗo a hannun rigarsa. Oga ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam ya gaya mini burinka. Yau ya cika."

Dattijo ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ni kuwa na duƙufa ina nazarin ganyen inabi. Sai ya ce a yi addu'a. Na sha jin addu'arsa kafin cin abinci, ba ta wuce numfashi biyu, amma ran nan sai da ya sa da matarsa da 'ya'yansa da dukan Narayi. Da ya ce amin, ya ɗauki wuƙa ya lakato, ya shafa a burodi, ya kare da tafin hannu kamar yadda Oga ya nuna masa kada su yi masa tsalle a ido, ya rufe ido ya kai baki.

Na gyara zama ina jiran ya tashi da gudu. Ya tauna. Ya sake taunawa. Sai ya buɗe ido ɗaya.

"Malam," ya ce da Hausa, "wannan ai daddawa ce ta je makaranta."

Ya sake lakato wani, wanda ya fi na farko. Tebur ya kaure da tafi, tsohuwa ta kama kansa ta sumbaci goshinsa. Ya ci na uku, ya lashe yatsa, sannan ya juya wajen Oga ya koma Turanci, a hankali, don kowace kalma ta shiga kunnena.

"Oga, akwai alade a ciki?"

"Babu."

"Giya fa?"

"Ko ɗigo."

"To madalla. Ɗan'uwana kullum yana cewa in dai ba waɗannan biyun, a kawo ko mene ne. Shi ma kunya gare shi. A gaya wa Mama ta zuba masa da yawa."

Aka turo tukunya gabana. Na leƙa, su ma kamar suna leƙena. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Azumi nake yi," ba.

Oga ya fassara. Tsohuwa ta dafe ƙirji, ta janye tukunyar da sauri tana ba da haƙuri. Dattijo ya matso kusa da kunnena.

"Ba watan jiya kuka yi Salla ba?"

"Na nafila ne."

"Yau Laraba. Ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Kuma wa ya cinye rabin burodi da safe?"

"Dattijo, don Allah."

"A'a, ni ba zan tona ba," ya ce. "Allah Ya karɓa."

Ban gane dalilin wannan rangwamen ba sai da aka fito da ainihin abincin. Ɗan rago ne guda aka gasa a kan itace da wani ganye mai ƙanshi, fatar ta yi ja tana naso. Oga ya ce a al'adarsu ɗan alade ake gasa wa baƙo, amma da tsohuwa ta ji akwai Musulmi ta ce sam, ta aika aka nemo wani mahauci Balarabe a garin da ke ƙasa ya yanka rago, duk saboda ni. Dattijo ya ja faranti, ya zaɓi kafaɗa, ya zauna daidai saitina. Duk lomar da zai kai sai ya ce, "Sannu da ibada, Malam."

Na tashi na koma mota, da niyyar in rufe ƙofa in sha ruwa in ci ɗan biskit. Ban gama cire takalmi ba sai ga tsohuwa da 'yar kujerarta da kwanon wake. Ta zauna daidai bakin ƙofar, ta tura ta ta buɗe don in sha iska, ta kama ɓarar wake. Oga ya biyo ta ya ce wai ta zo ta hana jikoki su dame ni. Ya ƙara da cewa ta ce ita ma ba za ta sa komai a baki ba sai na sha ruwa, don ba a taɓa yi a gidanta ba, baƙo da yunwa uwar gida da ƙoshi.

Nan jikina ya yi sanyi. Ga firiji a bayana, in na miƙa hannu zan taɓa shi. Ga tsohuwa mai kusan shekara tamanin zaune a zafin nan saboda ƙaryata. Azumi ba niyya, ba lada, ba kuma halin karyawa. Rana a can kuma ba ta san faɗuwa ba; ƙarfe bakwai ta yi tana nan tsaye a kan tsauni kamar an kafe ta da ƙusa. Na yi istigfari ya fi a ƙirga. Ita kuwa bini-bini ta ɗago ta dubi rana, ta dube ni, ta yi mini alama da hannu wai saura kaɗan.

Da ƙyar rana ta faɗi. Tsohuwa ta tafa hannu, ta kama hannun rigata ta ja ni har tebur. Ta ajiye mini ruwa mai sanyi, da ɓaure, da cinyar rago guda da ta ɓoye tun rana. A gefe kuma ga wani ɗan faranti a rufe. Ta buɗe da kanta. Oga ya ce tsakiyar cukun ce, inda ya fi laushi, ta hana kowa taɓawa.

Ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, tana murmushi. Na dubi Dattijo, ya haɗe hannu kamar mai addu'a, kafaɗunsa suna rawa. Na yi bisimilla, na shafa, na kare da hannu, na rufe ido.

Gaskiya ita ce yana da yaji-yaji, yana kama harshe, ƙanshinsa ya hau hanci ya daɗe bai sauka ba. Ba zan ce na ji daɗinsa ba, ba kuma zan ce ban ji ba, don hankalina duk yana kan ko wani abu na motsi. Na haɗiye, na bi da ruwa kofi guda, sannan na far wa cinyar nan har sai da ƙashi ya yi fari.

Muka kwana biyu a ƙauyen, muka gangara ta ɗaya gefen tsibirin muka koma jirgi. Tankin nan, daga ranar, Dattijo da kansa ya ce mu riƙa yin karɓa-karɓa. Ya ce ya sami abin da ya fi tanki.

Na gane nufinsa da muka dawo Kaduna. Kafin sati ya zagayo, daga masu share-share har masu gadin ƙofa, in na wuce sai in ji an ce, "Malam, yau ana azumi?" Ran Lahadi bayan coci ya ɗauko matarsa a babur suka zo gaishe mu a Makera, ya zauna a tsakar gida ya ba maiɗakina labarin tun daga farko, har yana kwatanta tsallen tsutsa da yatsu. Ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta ware mini cokalina daban.

Bayan 'yan watanni Oga ya zo Kaduna kafa injinan. Na gayyace shi gida tare da Dattijo, maiɗakina ta yi masa waina da miyar taushe, ta kuma kawo turmin atamfa irin ta masaƙarmu ta ce a kai wa tsohuwa. Abin yana cina tun can, sai na ce bari in sauke.

"Oga, ka roƙa mini gafarar Mama. Ran nan ba azumi nake yi ba. Na sa ta wuni da yunwa a banza."

Oga ya ajiye wainar da ke hannunsa, ya yi dariya har da tari.

"Ai ta sani," ya ce. "Ka manta da muka iso ita ta miƙo maka ruwa a bakin ƙofa, ka shanye kofi biyu? Ta ce tunda kana son azumi, bari ta taimake ka ka yi shi da kyau."

"To yunwar da ta sha fa?"

"Wace yunwa? Kafin ta fito da kujera sai da ta cinye haƙarƙari a kicin. Aljihunta kuma cike yake da burodi, duk sanda ka sunkuyar da kai sai ta gutsura."

Dattijo ya zame daga kan benci ya zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Da ya samu numfashi ya ce Oga ya maimaita wajen aljihun a hankali, yana so ya riƙe shi daidai kafin aikin safe. Maiɗakina kuwa tana bakin ƙofar ɗaki, ta sa na fassara mata. Ta koma ciki ta buɗe akwati, ta fito da ɗankwali sabo ta ɗora a kan atamfar, ta ce a haɗa da shi.